Tafkunan Kwara da Tsohuwar Dokar Ruwa a Ƙasar Bagudo

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wuraren shaƙatawa da hukuma ke keɓewa saboda 'yan kududdufan da ruwa ke bari a ramukan duwatsu idan ya ja baya. A yawancin gaɓoɓi teku yakan cika ya ja sau biyu a yini, saboda jan da wata ke yi masa, kuma duk lokacin da ya ja sai ya bar ƙananan kifaye da ƙaguwa da sauran halittu a fili. Jama'a kan zo daga nesa su duba, bisa sharaɗin ba a ɗauka, ba a takawa. Mutumin Lafagu ko Illo ko Lolo a ƙasar Bagudo da ya ji wannan zai iya cewa sha'anin masu teku ne, tun da tsakaninsa da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomita. Sai dai Kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Neja, shi ma yana da cikarsa da jansa, kuma idan ya ja yakan bar tafkuna cike da rai a faɗin fadama. Tun kafin a kafa gandun daji ko ɗaya a wannan yanki, mutanen bakin kogin suna da dokar da ke tsare waɗannan tafkuna. Dokar tasu ta lokaci ce: a rufe ruwa wata da watanni, a buɗe shi rana guda ga kowa. Tarihin shekaru ɗari da suka wuce ya nuna cewa wannan hanya ta fi dacewa da kogin nan bisa hanyar shinge da kora, kuma duk mai son ya ga bakin Kwara ya zama wurin da baƙi ke ziyarta, daga nan ya kamata ya ɗauko.

Sai an fahimci halin kogin kafin a fahimci dokar. Kwara yana tasowa daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar kimanin kilomita 4,180 kafin ya faɗa teku, kuma ta ƙasar Bagudo yake shigowa Najeriya bayan ya raba Nijar da Benin. A wannan yanki cika biyu yake yi a shekara. Ta farko ruwan daminar gida ne, wanda ke gangarowa da laka daga rafuka tsakanin Agusta da Oktoba, ana kiransa farin ruwa saboda gurɓacewarsa. Ta biyu ruwan da aka yi ne a Gini, wanda ke bazuwa a babbar fadamar ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya cikin ciyayi har lakarsa ta kwanta, sannan ya iso nan a tsakiyar hunturu yana garau. Shi ne baƙin ruwa. Saboda haka a lokacin da rafukan ƙasar Hausa suka zama rairayi, kwarin Kwara yana cikin ruwa, kuma sai bazara ta kusa yake sakin fadama. Madatsar Kainji ta mayar da kogin tafki ɗaya tun daga Busa har zuwa wajen Yawuri, daga can ƙasa kuma injiniyoyi ke ƙayyade ruwan da zai wuce. Yankin da ke tsakanin iyakar Benin da mahaɗar Gulbin Kabi yana cikin ɗan abin da ya rage a Najeriya inda Kwara ke cika ya ja bisa tsohuwar al'adarsa.

Wanda ya tsaya bakin irin wannan tafki a watan Afrilu zai ga dalilin da ya sa aka yi masa doka. Ruwan ya ragu har ƙasar gefe ta tsattsage, burgu ya kwanta inda shanu suka bi, balbela da zalɓe sun jeru a gaɓa. Kifayen da suka shiga fadama lokacin cika don su yi ƙwai a cikin ciyawa, hanyar komawa kogi ta yanke musu, sun taru a wuri ƙanƙane. Tarwaɗa na tasowa tana haɗiyar iska, karfasa na tsaron ramin da ta share a ƙasa, bargi na kewaya inda ya gina sheƙarsa ta ciyawa, kurungu na ƙasa cikin taɓo. Gaiwa kuwa, idan ruwa ya ƙafe ƙaf, sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta yi watanni tana shaƙar iska ta wata 'yar kafa har damina ta dawo. Tafkin nan shi ne wurin renon kifin kogi. Manyan tafkuna masu zurfi, waɗanda ba sa ƙafewa, su ke riƙe iyayen kifi har wata cikar. Idan aka bar kowa ya shiga tun ruwa bai gama ja ba, 'ya'yan kifi za a kwashe, mutum biyu ko uku masu manyan komaye su cinye rabon gari, badi kuma kogi ya wayi gari babu iri.

Mutanen da suka zauna wannan kwari sun daɗe da sanin haka. Akwai Kyangawa da Busawa da Dandawa da Zabarmawa, akwai Fulani masu bin burgu da rani, akwai Kabawa, akwai kuma Sarkawa, waɗanda asalinsu ke komawa ga masuntan daular Songhai, masu farautar dorina da ayu da mashi. Lokacin da Muhammadu Kanta ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammad wajen shekarar 1516 ya kafa daular Kabi, ƙarfinsa ya dogara ƙwarai ga fadama da jiragen ruwa da mutanen da suka san su. Illo, wadda take ɗaya daga cikin manyan garuruwan Bargu tare da Busa da Nikki, mashiga ce ta ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja, kuma babu ayarin da zai ƙetare Kwara sai da masu jirgi. Daga wannan zama ne sarautun ruwa suka kafu. Sarkin Ruwa shi ke sanin kowane tafki da zurfinsa da kadojinsa, shi ke hana shiga, shi ke sa ranar su, shi ke yanke hukunci idan an kama ɓarawon ruwa. Wani jami'in mulkin Ingila, P. G. Harris, ya wallafa bayani a kan masuntan Kabi a 1942, kuma abin da ya tarar sana'a ce mai shugabanni da ƙa'idoji da lokuta sanannu. Ranar su, ana yin shela a kasuwanni, ƙauyukan kewaye su hallara tun da safe, a jeru a bakin ruwa kowa da homa biyu a hannu da gora a ƙirji, ba mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. Da an buga ganga sai a faɗa gaba ɗaya, ruwa ya gurɓace, kifi ya ruɗe ya faɗa homa. Kafin la'asar an fito, an fitar da rabon sarki da na masu ruwa, an aika wa tsofaffi da gwagware, saura kuma mata su yi banda.

Hujja mafi bayyana a kan ƙarfin wannan tsari tana Argungu. Bikin kamun kifin da duniya ta sani ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka yi babban su don girmama shi bayan dogon zaman gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Amma gyaran ruwa da fashin ruwa, wato tsarkake kogi da buɗe lokacin kamun kifi, sun girmi wannan ziyara nesa ba kusa ba. Abin da ke sa a fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 75 daga kogin Matan Fada, kamar yadda aka yi a 2005, shi ne an hana su a wurin tsawon shekara, kuma ranar da aka buɗe ba a yarda da komai ba sai homa da gora, na kimanin awa guda. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da ɗan'adam ya gada. Haka ta yi a 2009 ga sun tafkin Sanke na garin San a ƙasar Mali, wanda shi ma sau ɗaya ake yinsa a shekara. A bakin teku ma, masuntan Gana sun daɗe ba sa fita ranar Talata. Dubban baƙin da ke zuwa Argungu suna zuwa ne kallon sakamakon hani, ko da ba su san haka ba.

Hanya ta biyu, wato ta shinge da kora, ta zo da Turawa. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a Paris ranar 14 ga Yuni, 1898 ta tsaga ƙasar Bargu biyu: Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa, daga baya kuma aka cire Illo aka haɗa ta da masarautar Gwandu. Kowane ɓangare ya shigo da tunanin da ya faro daga gandun Yellowstone na Amurka a 1872, cewa daji ba ya tsaruwa sai an fitar da mutum daga cikinsa. Faransawa sun keɓe dajin da ke arewa maso yamma da garin Malanville, inda kogin ya yi lanƙwasa mai siffar harafin W, suka tashi ƙauyukan da ke ciki, suka mayar da shi gandun ƙasa a 1954. Yau faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000 a tsakanin Benin da Nijar da Burkina Faso. A ɓangaren Najeriya an keɓe dajin Bargu a farkon shekarun 1960, aka haɗa shi da na Zugurma a 1979 ya zama Gandun Tafkin Kainji, na farko a ƙasar, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340. Ƙasar Bagudo tana zaune tsakanin waɗannan ganduna biyu. A wannan tsari maharbi da masunci da makiyayi, waɗanda kakanninsu suka san kowace mashaya, sun koma masu laifi a idon doka, ilimin da ke kansu kuma ya zama abin ɓoyewa daga ma'aikacin gandu.

Shekaru sun nuna inda wannan ya kai. Dajin da aka kwashe mutanensa ba shi da mai kai labari, kuma ma'aikata 'yan ɗaruruwa ba za su iya sa ido a kan dubban kilomita ba. A watan Fabrairun 2022 hare-haren nakiyoyi sun kashe mutum tara a ɓangaren Benin na gandun W, cikinsu har da masu tsaron gandun, kuma tun daga 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun sami maɓoya a gandun Kainji, har baƙin da ke zuwa kallon dorina a Kogin Oli suka ɗauke ƙafa. Ba gandun ne ya haifi 'yan bindiga ba, amma ya ba su daji marar jama'a da maƙwabta masu jin haushin hukuma. Tafkin Kainji kuma ya nuna ɗaya gefen matsalar, wato abin da ke faruwa idan ruwa ya zama na kowa da kowa ba tare da mai shi ba. Da aka toshe kogin a 1968, aka tashi mutum fiye da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse tare da tafkuna da iyakokin da sarakunan ruwa suka sani. Masunta suka kwararo daga ko'ina. Kifin da ake kamawa ya kai kimanin tan 28,000 a shekara a farkon shekarun 1970, kafin ƙarshen shekarun kuma ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Wani ɓangare na faɗuwar halin sabon tafki ne, wanda kan yi albarka da fari saboda ruɓaɓɓen ciyayi sannan ya lafa, amma komaye masu ƙananan idanu da rashin mai hanawa sun ƙara wa abin gudu.

Za a ce tsohuwar dokar ruwa da tsafi take tafiya, da yanka wa iskoki da roƙon kadoji, kuma al'ummar Musulmi ba za ta koma can ba. Gaskiya ne cewa gyaran ruwa na dā yana ɗauke da abubuwan da malamai suka yi inkari, kuma tsoron abin da ke cikin ruwa yana daga cikin abin da ke hana ɓarawo shiga da dare. Amma ƙashin bayan dokar, wato rufewa da buɗewa da rabo, bai dogara ga yanka ba, shi ya sa ya rayu a garuruwan da suka yi ƙarnuka cikin Musulunci, inda liman ke buɗe su da addu'a. Shari'a ma tana da babin keɓe wuri don amfanin jama'a, wanda ake kira hima: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Shugaban da ya hana su a tafki na wasu watanni don kada iri ya ƙare yana da madogara a fiƙihu, kuma hanin da aka karanta a kan mumbari ranar Juma'a yana da nauyin da allon gwamnati ba shi da shi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Masu shi suna cewa dokar ta yi aiki ne lokacin da mutane kaɗan ne, koma ta zaren auduga ce, kasuwa kuma ba ta wuce ƙauye ba. Yanzu ga komar roba, ga gurar Mali, ga jirgi mai inji, ga masu zuba gubar gamalin a ruwa, ga motocin da ke ɗaukar bandar kifi zuwa Anaca da Legas. A 1968 wani masani, Garrett Hardin, ya yi hasashen cewa duk dukiyar da jama'a suka yi tarayya a kanta ƙarshenta lalacewa, sai dai hukuma ta karɓe ko a sayar wa mutum ɗaya. Elinor Ostrom ta bi makiyaya da ruwaye da dazuka a ƙasashe da dama ta nuna cewa ba haka abin yake ba inda aka san masu haƙƙi, aka san iyaka, masu amfani suka sa hannu a dokar, kuma hukunci yana kusa. Wannan aiki ya ba ta kyautar Nobel a 2009. Ba sai an je nesa neman misali ba. A shekarun 1990, lokacin da wani shiri na haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ya so a hana jan dalla a Tafkin Kainji, komar da ke kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi, dokar jihohin Kebbi da Neja ba ta yi tasiri ba sai da aka shigo da sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin. Yawan jama'a da ƙarfin kayan aiki dalili ne na a ƙarfafa mai hanawa da ke zaune bakin ruwa, a ba shi goyon bayan kotu da 'yan sanda. Dokar filaye ta 1978 da dokar kamun kifi ta 1992 sun mayar da iko hannun gwamnati, alhali jami'in da ke Birnin Kebbi ba zai san wanda ya shiga tafki da tsakar dare a bayan Lafagu ba.

Akwai ƙorafi na uku, kuma a cikinsa akwai abin da dole a karɓa. Giwaye da zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma mafi yawansu suna gandun W da maƙwabtansa Arli da Panjari, kuma ba don shinge ba da wuya su kai yau. Dokar su ba ta taɓa tsare giwa ba, Sarkawa kuma farautar dorina da ayu suke yi. Babbar dabba mai bukatar daji mai faɗi tana bukatar gandu, wannan ba abin musu ba ne. Amma tafkin fadama abu ne dabam: yana tsakiyar gonaki, shanu na sha, mata na wanki, shekara-shekara kogi na sabunta shi. Ba a iya kewaye shi da waya, kuma korar mutane daga gare shi korar su ce daga abincinsu. Zanen aro ba ya rufe katara. Haka kuma gaskiya ne cewa ba kowane Sarkin Ruwa ne adali ba. An sha jin inda aka sayar wa mai kuɗi tafkin gari tun kafin ranar su, ko aka hana baƙon masunci don son kai. Maganin wannan shi ne a rubuta dokar kowane tafki, a karanta ta a bainar jama'a, a sa wakilan masunta da makiyaya da manoma da mata masu banda cikin masu yanke shawara, yadda sarauta za ta zama amana mai hisabi.

Barazanar da ta fi girma a yau ta shafi ruwan kansa. A watan Yunin 1985, bayan shekarun fari, Kwara ya daina gudu a Yamai. Madatsun Markala da Selinge a Mali suna rage baƙin ruwa tun daga sama, Nijar ta fara gina ta Kandaji, Bakolori da Goronyo kuma sun canza cikar Gulbin Kabi. A gida, tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman rani ya bazu a fadama, injunan ban ruwa suna zuƙe tafkuna, maganin ciyawa na gangarawa cikinsu. Shinkafa arziki ce, babu mai son a hana ta. Amma sai an sami wanda zai ce wannan tafki ba a sa masa inji bayan wata kaza, wancan kuma a bar masa hanyar da ruwa ke shiga. Abin da ya shafi madatsu sai gwamnati ta kai shi gaban Hukumar Kogin Neja da ke Yamai, wadda ƙasashe tara suka haɗu a cikinta. Abin da ya shafi inji da guba da girman idon koma kuwa, a bakin tafki ake yanke shi.

Saboda haka aikin da ke gaban ƙaramar hukumar Bagudo da masarautar Gwandu da gwamnatin Kebbi a bayyane yake. A bi tsofaffin masunta a rubuta sunan kowane tafki da masu haƙƙinsa da lokacin buɗe shi tun masu sanin suna raye. A zaɓi masu zurfi kaɗan a bar su ba su ko kaɗan, don su riƙe iri. A ba hukuncin sarakunan ruwa matsayi a dokar jiha. A zauna da mutanen ƙetaren iyaka na Madekali da Malanville da Gaya, waɗanda harshe da aure da kasuwa suka haɗa su da mutanen Lolo da Illo, a daidaita lokacin hani, domin kifin da aka bari a nan kada a kwashe shi a can. Idan aka yi haka, ranakun su za su zama sanannu a kalanda, ɗaliban makarantu za su sami inda za a nuna musu gaiwa da bargi da ransu, baƙo zai sami abin da zai zo gani, kuɗin da ya kashe kuma zai shiga hannun mai jirgi da mai banda da mai masauki. Mutanen da ke cin moriyar tafki mai rai su ne za su tashi da dare idan sun ji motsin mai guba, kuma irin wannan tsaro babu gwamnatin da ke da kuɗin sayensa.